Yadda ake saita furoksi a kwamfuta da salula, mataki bayan mataki

Wanda duk ya taɓa kai kwamfutarsa wani ofishi, ko ɗakin kwamfutocin wata makaranta, ko wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Maradi, mai yiwuwa an taɓa miƙa masa ƴar takarda mai lambobi irin 192.168.1.10 da 3128, aka ce masa sai ya sa su kafin intanet ta buɗe. Waɗannan lambobin na furoksi ne. Furoksi wata kwamfuta ce da ke zaune tsakaninka da sauran intanet, kamar dillali a kasuwar dabbobi: ba kai ke zuwa wajen mai saniya ba, shi kake gaya wa abin da kake so, ya je ya taya, ya kawo maka. Don haka ya san abin da ka nema da wurin wanda ka nema, kuma idan ya ga dama sai ya hana.

Sa lambobin ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne furoksi ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da tsarin maganarsa, kuma dole tsarin da ka zaɓa cikin manhajarka ya zo daidai da wanda sabar, wato kwamfutar furoksin, take ji. Yawancin kwamfutocin da ake kawo wa masu gyara da kukan "na sa komai daidai amma ta ƙi", lambobin daidai suke, gurbin da aka zuba su ne ba nasu ba.

Abin da za ka karɓa tun kafin ka taɓa kwamfuta

Ka je wajen mai kula da rezo na wurin, ka ce masa: "Malam, ban da adireshin da lambar ƙofa, wane iri ne, HTTP ko SOCKS? Akwai suna da kalmar sirri?" Abubuwa huɗu ke nan: adireshin sabar, lambar ƙofa wadda allo ke rubutawa Port, irin furoksin, sai suna da kalmar sirri in ana buƙata. In ya ce maka babu lambobi, sai wani dogon adireshi da ya ƙare da .pac, to wannan fayil ne da ke saita komai da kansa, zan zo kansa.

Idan babu wanda za ka tambaya, lambar ƙofar tana ba da haske. 3128 ita ce wadda manhajar Squid ke amfani da ita tun daga tushe, kuma Squid furoksin HTTP ne. 8080 ma galibi HTTP ce. 1080 ita ce ta SOCKS. 9050 da 9150 na Tor ne, manhajar ɓoye sawun mai shiga intanet, su ma SOCKS. Amma wannan alama ce kawai, mai sabar yana iya sa kowace lamba da ya so.

Bambancin HTTP da SOCKS

Furoksin HTTP an yi shi ne domin shafukan intanet. Burauzarka tana aika masa cikakken adireshin shafin, shi ya ɗauko ya miƙo maka, yana iya ajiye kwafi don wanda zai nema bayanka. Idan shafin mai kwaɗo ne, wato HTTPS, sai burauzar ta aika masa umarnin da ake kira CONNECT, ta ce ya buɗe mata hanya zuwa sabar kaza a ƙofa ta 443. Daga nan ba ya ganin abin da ke wucewa ciki, sunan shafin kaɗai ya sani da yawan kayan da suka wuce. Tun da kusan duk manyan shafuka sun koma HTTPS, amfanin ajiye kwafi ya ragu ƙwarai. Saboda haka kada wani ya ce maka furoksi zai sa forfenka ya daɗe ko intanet ta ƙara gudu. A da can akwai ƙamshin gaskiya a maganar, yanzu kam sai kaɗan.

SOCKS kuwa babu ruwansa da abin da kake aikawa. Shafi ne, imel ne, fayil ne, hira ce, shi dai ya haɗa ka da inda ka ce. David Koblas ne ya fara fito da shi a 1992. Na huɗu, SOCKS4, adireshin lamba irin na IPv4 kaɗai yake ganewa, ba ya karɓar sunan shafi, sai da aka yi masa ƙari da ake kira SOCKS4a. Na biyar, SOCKS5, an rubuta ƙa'idarsa a 1996 cikin takardar RFC 1928, shi ne ya zo da karɓar sunan shafi, da sabon tsarin adireshin lamba na IPv6, da wata hanyar aika bayanai mai suna UDP, da tantance mai shiga ta suna da kalmar sirri. In an ba ka zaɓi tsakaninsu, ɗauki na biyar.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka: SOCKS5 ba ya ɓoye komai. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar VPN, alhali sunanka da kalmar sirrinka ma a fili suke tafiya zuwa sabar. Haka furoksin HTTP na gama-gari. Abin da ke kare saƙonka shi ne kwaɗon HTTPS na shafin da kansa.

Mataki na farko: gwada sabar

Kafin ka canza saitin komai, ka tabbatar sabar na raye. A Windows, buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

Test-NetConnection 192.168.1.10 -Port 3128

In ka ga TcpTestSucceeded da True a gabansa, ƙofar a buɗe take. In False ne, kada ka wahalar da kanka da burauza, matsalar tana gaba: ko sabar a kashe take, ko ba a kan rezo ɗaya kuke ba. Adireshin da ya fara da 192.168 ko 10 na cikin gida ne, ba ya aiki daga waje. In an ba ka shi a ofis a unguwar Ali Ɗan Sofo, ka koma gida unguwar Zariya ka hau forfen salularka, ba za ka same shi ba ko kusa.

Sai ka gwada irinsa da curl, ƴar manhajar ɗauko shafi ta hanyar rubuta umarni, wadda ke zuwa cikin Windows 10 da 11. A PowerShell ka rubuta curl.exe cikakke:

curl.exe -I -x http://192.168.1.10:3128 https://example.com

Amsa mai lamba 200 na nufin furoksin HTTP ne kuma ya bar ka ka wuce. Lamba 407 na nufin HTTP ne amma yana neman suna da kalmar sirri. In ya yanke ba amsa, ko ya kawo shirme, canza farkon zuwa socks5h:// ka sake. Wanda ya amsa cikin biyun shi ne irinsa. Wannan gwajin na minti biyu yana hana ka ɓata yini.

Mataki na biyu: Windows, da Chrome da Edge

Chrome da Edge ba su da wurin saita furoksi na kansu a Windows, na tsarin kwamfutar suke bi. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka zan kira sunayen yadda za ka gan su a allo. Shiga Paramètres, sai Réseau et Internet, sai Proxy. Gangara ƙasa zuwa Configuration manuelle du proxy, kunna Utiliser un serveur proxy. A Windows 11 sai ka danna Configurer tukuna. Sa adireshin a gurbinsa, lambar ƙofa a nata gurbin daban. Kada ka haɗa su wuri ɗaya, kada ka bar tazara a gaba ko a baya.

Ƙarƙashinsu akwai babban akwati na wuraren da ba ka so a bi da su ta furoksi. A nan ake sa injin buga takarda na ofis, da sabar cikin gida, da shafin akwatin wayfay. Ana raba su da alamar ; kamar haka: 192.168.*;localhost. Ka kuma sa alama a ƙaramin akwatin da ke cewa kada a bi furoksi don adireshin cikin gida. Sai Enregistrer. Mutane na mantawa da wannan maɓallin, su rufe tagar, komai ya koma yadda yake.

Babu gurbin suna da kalmar sirri a nan. Burauzar ce za ta tambaye ka da zarar ka buɗe shafi na farko.

Wannan gurbin na Windows na furoksin HTTP ne. In ka zuba adireshin SOCKS5 a ciki, Chrome zai yi ta yi masa magana da tsarin da ba ya ji, har ya gaji ya nuna kuskure. Mai son Chrome ya bi SOCKS5 sai ya tashe shi da ƙarin umarni a gajeriyar hanyarsa ta kan allo, ya sa adireshi da ƙofar sabar da aka ba shi a madadin na misalin nan:

--proxy-server="socks5://127.0.0.1:1080"

Kuma Chrome ba ya iya miƙa suna da kalmar sirri ga SOCKS5. In sabar taka na neman su, wannan hanyar a toshe take.

Akwai wasu ayyukan Windows na bayan fage da ke bin wani saiti daban mai suna WinHTTP. In burauza na aiki amma wata manhajar ofis ta ƙi, buɗe layin umarni da ikon mai gida, wato administrateur, ka rubuta netsh winhttp show proxy ka gani. Umarnin netsh winhttp import proxy source=ie yana kwafo saitin da ka yi ɗazu zuwa can, netsh winhttp reset proxy kuma yana goge shi.

Mataki na uku: Firefox

A ganina Firefox ta fi kowace burauza daɗin wannan aiki, domin tana da saitinta na kanta, kana iya sa ta bi furoksi sauran kwamfutar ta ci gaba da tafiya kai tsaye. Shiga Paramètres, cikin Général ka gangara har ƙarshe zuwa Paramètres réseau. Tana zuwa ne a kan bin saitin tsarin kwamfuta. Zaɓi Configuration manuelle du proxy.

Za ka ga layuka uku, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. In naka HTTP ne, cika layin Proxy HTTP da ƙofarsa, ka sa alama a Utiliser également ce proxy pour HTTPS, ka bar layin SOCKS fayau. In naka SOCKS ne, cika layin Hôte SOCKS kaɗai, zaɓi SOCKS v5, ka goge duk abin da ke layukan sama. Na ga wani ɗalibi a wani siber kusa da babbar kasuwa ya cika duka ukun da 127.0.0.1 da 1080, yana ganin hakan ya fi tabbas. Mai siber ɗin ya duba ya ce masa, "Ƙanena, goge biyun sama." Yana gogewa shafin ya buɗe. Dalili shi ne in layin HTTP na da abu, Firefox shi take fara bi don shafuka, ta je ta yi wa sabar SOCKS maganar HTTP.

A can ƙasa akwai akwatin Utiliser un DNS distant lorsque SOCKS v5 est actif. Ka tabbatar da alama a ciki. Kafin kwamfuta ta je kowane shafi sai ta tambayi lambar adireshinsa, wannan tambayar ita ce DNS. In babu alamar, kwamfutarka ce ke yin tambayar ta rezon da kake kai, sannan ta miƙa wa furoksi lambar. Illar biyu ce: mai rezon yana ganin sunan duk shafin da ka nufa, kuma in shafin na cikin gidan wata ma'aikata ne da sabar can kaɗai ta san sunansa, ba zai buɗe ba sam. In akwai alamar, sunan ake aika wa furoksi ya nemo da kansa. Harafin h da ke cikin socks5h na curl wannan aikin yake yi.

Akwatin Pas de proxy pour daidai yake da na keɓewa a Windows, sai dai a nan da waƙafi ake rabawa, kuma rukunin adireshi ana rubuta shi 192.168.1.0/24. Ita ma tagar Firefox ba ta da gurbin kalmar sirri ta SOCKS, masu buƙata suna ƙara mata wata ƴar manhaja mai suna FoxyProxy.

Wanda aka ba adireshin .pac kuwa, layin ƙarshe na wannan tagar zai sa shi, ko a Windows a ƙarƙashin Utiliser un script d'installation. Kamfanin Netscape ne ya ƙirƙiro wannan tsari a 1996. Fayil ɗin ɗan gajeren shiri ne na JavaScript mai aiki guda, FindProxyForURL, wanda ke duba kowane shafi ya ce a bi furoksi kaza ko a tafi kai tsaye. In an ba ka shi, kada ka ƙara saitin hannu a kansa.

Mataki na huɗu: salula

A Android, furoksi na manne ne da kowane wayfay daban. Shiga saitin wayfay, taɓa sunan wanda kake kai, nemi Modifier ko alamar alƙalami, buɗe Options avancées, a Proxy ka zaɓi Manuel. Sunayen na ɗan bambanta tsakanin Tecno, Itel da Samsung, amma hanyar ɗaya ce. HTTP kaɗai yake karɓa, kuma Android da kanta tana gargaɗi cewa burauza za ta bi shi amma wasu manhajoji ba lallai su bi ba. Don haka in Chrome ya buɗe, wata manhaja ta ƙi, ba kai ka yi kuskure ba.

Akwai kuma gurbin Proxy da Port cikin saitin APN, wato saitin da layin waya ke shiga intanet da shi. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ka bar waɗannan guraben yadda saitin kamfanin ya zo da su. Samari na yawan tura wa juna lambobi a WhatsApp wai a sa a nan a samu intanet kyauta. Abin da ke biyo baya galibi shi ne waya ta daina buɗe shafuka alhali akwai forfe, mai ita ya yi ta zargin rezo. In ka sayi waya ta hannu ka ga haka, fara duba nan, ko ka danna maido da APN na asali.

Telegram na da nata: Paramètres, Données et stockage, sai Proxy a ƙasa. Tana karɓar SOCKS5 da suna da kalmar sirri, da kuma nata tsarin MTProto, wanda maimakon suna yake neman wata doguwar lambar sirri. MTProto na Telegram ne kaɗai, ba zai yi aiki a burauza ba. WhatsApp ta ƙara nata a Janairun 2023, cikin Stockage et données, amma sabar da aka kafa musamman domin WhatsApp take nema, ba kowane furoksi ba.

Masu Linux da layin umarni

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta, irin na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, su ne suka fi cin karo da wannan. Yawancin kayan aikin layin umarni suna karanta saitin ne daga nan:

export http_proxy=http://192.168.1.10:3128
export https_proxy=http://192.168.1.10:3128
export no_proxy=localhost,127.0.0.1

Lura cewa layi na biyu ma da http:// ya fara, domin yana faɗin yadda za a yi magana da furoksin ne, ba da shafin ba. A rubuta da ƙananan haruffa, curl ba ta karɓar http_proxy da manya. In akwai suna, ana sa shi haka: http://suna:sirri@192.168.1.10:3128, kuma in kalmar sirrin na ɗauke da @ sai a rubuta %40 a madadinsa, in ba haka ba manhajar ta ɗauka adireshi ya fara daga nan. Umarnin sudo, na yin aiki da ikon mai gida, kan zubar da waɗannan saituna, shi ya sa apt, mai girka manhajoji, ke ƙin aiki. Maganinsa a buɗe fayil cikin /etc/apt/apt.conf.d/ a rubuta:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3128/";

Git kuma: git config --global http.proxy sai adireshin.

Kafa SOCKS naka ta SSH

Wanda ke da sabar da yake shiga ta SSH, wato kulallar hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya riga ya mallaki furoksin SOCKS5, kuma wannan ne na fi amincewa da shi, tunda hanyar daga kwamfutarka zuwa sabar a kulle take. Rubuta:

ssh -D 1080 -N suna@adireshin-sabar

Bar tagar a buɗe. A Firefox ka sa 127.0.0.1 a Hôte SOCKS, ƙofa 1080, SOCKS v5, da alamar DNS. Adireshin 127.0.0.1 kwamfutarka ce da kanta, SSH ke sauraro a nan yana turawa can. A PuTTY, manhajar SSH ta Windows, shiga Connection, SSH, Tunnels, sa 1080 a Source port, zaɓi Dynamic, danna Add kafin ka buɗe haɗin. In rezo ya yanke, hanyar ta mutu, sai ka sake tada ta.

In ya ƙi

ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED a Chrome na nufin ba a kai ga sabar ba ma. A garin nan babban dalilinsa ɗaukewar wuta ne: akwatin wayfay ya mutu ya tashi, ya raba adireshi sabo, kwamfutar da ke 192.168.1.10 jiya ta koma wata lamba yau. Mai kula da rezo ya kamata ya ɗaure wa sabar adireshi na dindindin. ERR_TUNNEL_CONNECTION_FAILED kuwa an kai ga furoksin, shi ne ya ƙi ko ya kasa buɗe hanya zuwa shafin. 407 da ke ta maimaituwa, suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba. Duba ko madannan kwamfutar sun juye daga AZERTY zuwa QWERTY, domin a da q, da z da w, suna musanya wuri kuma ba ka ganin abin da kake bugawa. 403 daga furoksi hani ne na masu wurin, ba gyaranka ba ne.

Kada ka gwada da ping, umarnin duba ko wata kwamfuta na amsawa, zuwa wani shafi na waje ka ce furoksi ya mutu, ping ba ya bi ta cikinsa. In kuma kowane shafi na kukan takardar shaida, wato certificat ɗin da HTTPS ke tabbatar da shafi da shi, duba agogon kwamfutar tukuna. Kwamfutocin hannu da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu kan koma wata tsohuwar shekara duk sanda aka kashe su, kuma HTTPS ba ya yarda da kwanan wata na ƙarya.

Furoksin wa kake bi

Intanet cike take da jerin furoksi na kyauta, kuma ina roƙon kowa, musamman ƴan kasuwarmu da ke duba asusun banki ko tura kuɗi tsakanin nan da Katsina da Kano, kada a bi da irin wannan aiki ta sabar da ba a san mai ita ba. Duk shafin da ba shi da kwaɗo, mai sabar na karanta shi yana kuma iya canza shi. Mafi haɗari shi ne a ce ka saukar da wata takardar shaida ka girka a kwamfutarka ko wayarka. Da zarar ka yi, mai furoksin na iya buɗe har saƙonnin HTTPS. Wasu ma'aikatu na yin haka a kan kwamfutocinsu da sanin ma'aikata, wannan daban. A kan na'urarka ta kanka, daga hannun wanda ba ka sani ba, kada ka yarda.

Idan ka gama aiki a wurin da ya ba ka furoksi, ka cire shi kafin ka fita: a Windows kashe Utiliser un serveur proxy ka danna Enregistrer, a Firefox koma kan Pas de proxy ko saitin tsarin kwamfuta, a Linux rubuta unset http_proxy https_proxy ka kuma goge fayil ɗin apt. Na Android ba ya buƙatar cirewa, tunda yana manne da wancan wayfay ɗin kaɗai.